Shirmen Wannan Yaron

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, kuma a garinmu Fassi uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ko dariya ba ya yi da shi in da mutane a wurin. "Wannan yaron" nake a bakinsa tun ina rarrafe har na yi gemu. Ban taɓa jin zafin haka ba, don kowa haka ya taso, sai ranar da kunyar nan tasa ta cinye mini littafi.

Zane nake yi. Labari ne cikin hotuna, gida-gida a kowane shafi, maganar kowa na fitowa daga bakinsa. Wani dillalin awaki na ƙago a kasuwar Rano, wanda ya tsaya takarar kansila, da wata akuya da ta ƙi sayuwa take binsa duk inda ya je yaƙin neman zaɓe. Lokacin siyasa ta dawo, ga Shari'a an ƙaddamar, kowa ya zama malami. Wani maƙwabcinmu da ko alwala bai gama iyawa ba ya tare ni ya ce zanen mai rai haramun ne, sai dai in ja layi a wuyan kowa. Na ce to. Na naɗa wa mazan rawani, na sa wa matan murjani, akuya kuma na ɗaura mata igiya. Shekaru na yi a kan littafin nan, da biro da kalar ruwa da nake aikawa a sayo mini daga birni.

Sai na ji a rediyo wani gidan buga littattafai a Kano yana karɓar irin waɗannan ayyuka. Masana za su duba su ba kowanne darajarsa, wanda ya zo a sahun farko a buga shi. Kwafi ɗaya tak gare ni. Na yi niyyar in kai da hannuna, sai acaɓa ya kayar da ni a hanyar Kibiya, ƙafa ta karye. Ina kwance da ɗori, ranar rufe karɓa tana ta matsowa.

Baba ne ya leƙo ɗakin, yana kallon bango ya ce, "Kawo abin nan, zan shiga Rano."

Na yi masa bayani dalla-dalla. A tasha in ka ba da saƙo, ɗan kamasho zai tambayi ƙimarsa. In ka ce mai tsada ne, za ka ƙara kuɗin aike, direba ya ajiye shi a gaba kusa da shi, in ya ɓace kuma a biya ka abin da ka faɗa. In ka ce ba wani abu ba ne, to duk inda aka samu wuri nan za a cusa shi.

"Baba, don Allah ka ce mai tsada ne. Ka faɗi kuɗin bijimi. Ga kuɗin aiken nan, na ƙara."

Ya ce, "Na ji."

Bayan 'yan kwanaki direban da kansa ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya miƙo mini wani abu mai nauyi, kwalin ya kumbura ya saki. Ya ce ruwa ya tare su a hanya, saƙon yana saman mota, tamfol kuma a yage yake. Da ya kai, mutanen gidan buga littattafan suka buɗe, suka ce babu abin da za su duba a ciki.

Na buɗe. Ja da shuɗi sun haɗu sun koma ruwan miya. Dillalin babu fuska, akuyar sai ƙafafu. Na manta da ƙafata, na yunƙura zan shaƙe mutumin nan.

"A saman mota? Da damina? Kai wane irin mara imani ne?"

Ya ja da baya ya ce, "Malam, kar ka ɗora mini. Ɗan kamasho ya tambayi tsohonka a gaban kowa, Alhaji mene ne a ciki, nawa ne ƙimarsa? Ya ce shirmen wannan yaron ne, takardu ne kawai. Aka sake tambayarsa, ya ce a rubuta kuɗin takardar ƙunshe ƙosai. To ni in ɗauki takardar ƙosai in rungume a gaba, in bar keken ɗinkin mutane a ruwa?"

Ya ajiye mini diyyar da doka ta ce, abin da ko biron da na yi zanen da shi ba zai saya ba, ya tafi.

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Da rowa ce ta sa Baba yin haka, da na gane. Da ya yarda zane haramun ne, da sai in ce ra'ayinsa ne. Ba ko ɗaya. Kuɗin aiken da na ƙara ma a hannun mahaifiyata ya bar su cif. Mutane ne kawai a tasha, abokan cinikinsa na hatsi suna zaune a benci, sai ya ga gara aikin shekaruna ya hau saman mota da a ji shi yana cewa abin ɗansa na da daraja. Kuma a garinmu wannan shi ake kira mutunci. Har yaba masa aka yi, wai dattijo ne mai kawaici.

Na jefar da kwalin a tsakar gida na ce a hura wuta da shi. Baba kuwa na daina gaishe shi. Mahaifiyata ta yi kuka, ta ce zan jawo wa kaina baki, na ce ya daɗe bai kama ni ba.

Wata hantsi rana ta fito sosai, na dogara sanda na zaga bayan rumbu. A can na sami Baba tsugune. Ya shimfiɗa tabarma, ya ɓare shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya danne kowanne da tsakuwa. Lambobin shafi duk sun wanke, amma a jere suke daidai, tun daga farko. Ya ɗago wani da babu komai a kansa sai dabbaren shuɗi, ya sa shi a gurbinsa, yana magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ni ba.

"Nan ne akuyar ta cinye masa takardar jawabi."

Nan ne kuwa. Ashe duk fitar da nake yi yana shiga ɗakina ya karanta, har ya haddace. Sai haushin ya ninku.

"Baba, ka san shi haka? Ka san abin da ke ciki, ka ce takardar ƙosai?"

Ya gyara tsakuwa a kan shafin. Sannan ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske, kamar na ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"In faɗa a gaban mutane?"