Tekun Malam Ɗanladi

Kun dai san Malam Ɗanladi da asuwaki a baki. Ba don haƙora yake tauna shi ba. In bakin asuwakin ya yi laushi sai ya yanke, ya ɗauraye, ya miƙa wa yaro, burushin fenti ya samu ke nan. Launukansa kuwa bular wanki ce da zoɓo da kurkum, a murafen kwalba.

Ajina na addini yana manne da nasa na zane a makarantar ƙauyenmu, gefen Randagi. Mutum bai taɓa wuce Kaduna ba, amma kullum teku yake sa yara su zana. Na ce, “Malam, a ina ka ga tekun nan?”

Ya ce, “Malama, ke kin ga Aljanna? Ai kullum kina koyar da ita.”

Dokarsa ɗaya ce. A jiƙa takarda tukuna, a ɗiga bula ta bazu da kanta, a barbaɗa gishiri ya yi kumfa, sannan kowa ya kame har ta bushe. Gishirin nan ƙwaya-ƙwaya yake raba shi, kamar daga jikinsa ake yanka.

Wata safiya muka ji rurin babura daga daji, masu yawa. Kowa ya san ko su wane ne. Gudu ba zai yiwu ba, fili ne ko'ina. Na kwashi yarana muka faɗa ajinsa. Tari ɗaya ya isa ya tona mu.

Shi kuwa ya tura ƙofa, ya ce yau ƙarƙashin teku za a zana, kowa ya kwanta ƙarƙashin benci da jiƙaƙƙiyar takardarsa. Ya raɗa musu, “Kifi ba ya magana. Wanda ya motsa kafin ta bushe, sifili.”

Wallahi yaran nan sun fi tsoron sifilinsa. Baburan suka tsaya bakin rijiya. Muna jin muryoyi, muna jin guga. Sannan suka tashi suka wuce.

Ƙaramarsu, Talatu, hawaye sun ɗiɗɗiga a kan bularta. Ya ɗaga takardar, ya ce, “Madalla. Yau mun huta da sayen gishiri.”

Bara ya rasu, bai ga tekun ba. Yaran kuwa duk suna nan. Allah Ya jiƙan Malam, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa mana a ranar.