Marlene da Nauyin Gord

Marlene Pasternak ta ƙare ƙuruciyarta ne a bayan sitiyarin motar ɗaukar 'yan makaranta, a wani ɗan garin da ke arewacin Winnipeg. Duk yaron da ya tashi a garin ya san muryarta, don in ta daka tsawa daga gaba, har na kujerar ƙarshe sai ya nutsu. Mijinta Gord ma'aikacin layin dogo ne, ƙato, mai wuya kamar na bajimi, ga baki. Sun yi ritaya kusan lokaci ɗaya, suna ta burin su sayi motar yawo su gudu kudu duk lokacin sanyi.

Ba su kai ga haka ba. Wata safiya Gord yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, sai Marlene ta leƙo ta taga ta gan shi zaune a ƙasa, shebur a gefe, bakinsa ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, a keken guragu ya shigo gidansa.

'Yarsu Shauna, wadda ke aiki a Calgary, ita ta aiko musu da wani wasan motsa jiki. Na'ura ce da ake jonawa da talabijin, da wani faifai da mutum zai hau ya tsaya, da abin riƙewa a hannu. In ka motsa, ɗan mutumin da ke cikin talabijin ma ya motsa, wata murya kuma tana ta zuga ka. Shauna ta ce an ce yana taimakon masu irin ciwon Baba.

Gord ya gwada, Marlene na riƙe da ƙugunsa. Ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Muryar ta ce, "Saura ƙiris! Sake gwadawa!"

"Saura ƙiris ɗin uwarki," in ji Gord, ya yi jifa da abin hannun har ya bugi bango. Bai sake hawa ba.

Na'urar ta zauna tana shan ƙura, har ranar da bayan Marlene ya riƙe tana ƙoƙarin ɗaga shi daga bayi. Su biyun suka zube a ƙasa, sai da maƙwabci ya zo. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ba ta ɓoye musu ba: in har Marlene ba ta iya ɗaga shi, to sai gidan kula da tsofaffi.

Bayan ta tafi Gord ya juyo ya dubi Marlene. Can ya ce, da harshensa mai nauyi, "Mar, kada ki kai ni can. Na ga yadda suka yi da babana."

"Wa ya ce zan kai ka? Su ma me za su yi da kai, da wannan baki naka?"

Washegari ta goge faifan ta hau. Ta fara da tsugunno da miƙewa, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Gord ya turo kekensa ya tsaya a gefe.

"Wannan ne tsugunno? Ko kaza ta fi ki. Sauka ƙasa, tsohuwa!"

"Tashi ka nuna mini mana, gwani."

"Miƙe bayanki! Da ƙafa ake ɗaukar kaya, ba da baya ba. Haka muke ɗaga ƙarfen dogo."

Haka suka ci wannan sanyin da wanda ya biyo. Waje fari fat, iska na kuka a jikin taga, ita kuwa tana naushin iska a falo cikin tsohon wandon Gord, gumi na zuba. In na'urar ta yabe ta, shi sai ya kushe. In ta gama ta dafa musu miyar kabeji, ta ba shi a baki in hannunsa ya gaji. Ta fara ɗaga shi ba tare da nishi ba. Sai daga baya ta lura ba ƙarfinta kaɗai ne ya ƙaru ba, shi ne ke ta zubewa. Rigunansa sun zama kamar an rataye su a jikin kujera.

Ciwon ya sake bugunsa a sanyi na uku, ya tafi da maganarsa gaba ɗaya. Marlene ta ci gaba da hawa faifan, tana juya kekensa ya fuskance ta. Yakan bi ta da ido, wani lokaci leɓensa ya motsa, amma ba abin da ke fita. Ta kashe muryar na'urar, don ta kasa jure jin yabo a ɗakin da ba mai kushewa.

Abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba. Ta fita zubar da shara, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a kan matakala, wuyan hannunta ya karye. Shauna ta iso kafin a sallami uwar, ta tarar an riga an samo wa Gord gado a gidan tsofaffi.

"Mama, ki duba hannunki. Da me za ki ɗaga shi?"

"Zai warke. Ki ba ni wata biyu."

"Wa zai kula da shi a wata biyun? Ni ina da aiki, ina da yara."

Haka aka kai Gord can. Kullum Marlene tana zuwa wurinsa da hannu a ɗaure, ta zauna ta ba shi labarin gari. Gord kuwa da ya ji shigowarta sai ya kau da kai wajen bango. Ko fushi ne, ko ciwon ne, ba wanda ya iya gaya mata. Ya rasu kafin ƙanƙara ta narke, ana saura kwanaki a kwance mata hannu.

Shauna ta yi ta roƙo ta dawo Calgary, akwai ɗaki. Marlene ta ƙi. Tana nan a gidan ita kaɗai, ta rufe ɗakunan sama don kada ta riƙa ɗumama su a banza. Duk Lahadi Shauna na kira, su gaisa, su yi maganar sanyi da jikoki, kowacce tana jiran ɗayar ta fara ajiye waya.