Biƙin Autarmu

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba in abu yana cina, kuma a damunar da autarmu ta haihu ban zauna ba. Ina aure a Gummi, ina ɗinkin kayan mata a cikin gida. Ita kuwa haihuwar fari ce, don haka ta koma gaban Innarmu wanka, a ƙauyenmu da ke bayan Nasarawa Burkullu. A wajenmu wankan jego biƙi muke ce masa, kuma duk unguwar babu macen da ta kai Inna iya shi.

Safe da yamma take tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, ta tsoma damin ganyen runhu, ta yi ta fyaɗa wa mai biƙi har fatarta ta yi jawur. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kafin gumi ya bushe an kawo kunun kanwa ƙwarya cike, kanwar har tana kama harshe. Haka za a yi har arba'in. Ni ma haka ta yi mini a duk haihuwata, ga ni nan garau, kuma Inna ba ta gajiya da nuna ni a matsayin shaida.

A shekarar ne ma'aikatan lafiya suka fara bin makarantun Islamiyya na matan aure suna awon jini. Suka iso tamu. Aka ɗaure mini dantse aka ce nawa ya fara hawa, in rage gishiri da dunƙule. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai maganar wata malamar asibiti ce, 'yar ƙasarmu, gajera mai murya kamar ta ladan. Ta ce a yankinmu ciwon zuciya yana yawan kama masu biƙi. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma suna ƙara wa zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar aiki. In mai biƙi ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya miƙe sai tari, a kawo ta asibiti, kada a tsaya cewa sanyi ne.

Muka yi dariya. Wata daga baya ta ce, "Malama, ke ba a yi miki ba?"

"An yi min," in ji ta. "Ba cewa nay yi kowa za ta kamu ba. Amma ruwa mai ɗumi ya isa, kunu kuma ana yin shi ba kanwa."

Na je suna na dawo. Auta lafiya lau na bar ta, sai dai fuskarta ta cika, mata suna ta yaba wa Inna cewa ta iya kiwon mai biƙi. Ni kuwa tun a hanya fuskar nan take yi mini yawo a ido. Na zauna kan keke na kasa ɗinki, har na yanka wa wata mata hannun riga biyu na ɓangare guda. Da na samu Auta a waya, sai na ji tana yanke magana a tsakiya ta ja numfashi, ta ci gaba, ta sake yankewa. Ta ce ba komai, tari ne. Washegari na bar yara wajen maƙwabciya na hau ɗan kabu-kabu, muka yi ta fama da laka.

Na same ta zaune ta jingina da bango. Ƙafafunta sun yi suntum, suna ƙyalli. Na danna ɗan yatsa a ƙwaurinta, na ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba.

Inna ta riga ni ganin kumburin, kuma ta riga ta yanke hukunci. Wai ran nan ruwan sama ya taɓa Auta a tsakar gida, sanyi ya samu ƙofa. Mu a saninmu mai biƙi in ta kumbura, wanka ne bai ratsa ta ba. Saboda haka Inna ta ƙara mata wani wankan da rana tsaka, ta ƙara itace a ƙarƙashin gado, ta kuma aika kasuwa aka sayo ungurnu, kanwar da ta fi kowacce ƙarfi. Kullum kumburin yana ƙaruwa, kullum tana ƙara himma. Ta rame ita kanta don hidima, hannayenta duk ƙuna.

"Inna," na ce, "wanga ba sanyi ba na. Zuciya ta. Asibiti za mu kai ta."

Ba ta ko dube ni ba, tana dama kunu. "Mai biƙi ba ta hita sai ta yi arba'in. Ke da anka yi miki, mi yas same ki? Kin zamna Gummi kwana biyu kin zama likita."

Ina da saurin fushi, kowa ya sani. Na faɗi duk abin da malamar nan ta ce, na ƙara da nawa. Da Inna ta miƙa wa Auta ƙwaryar kunun, na karɓe na ajiye a bayana. Ban taɓa karɓe abu daga hannun uwata haka ba, kuma ta dube ni kallon da har yau ba na son tunawa. Amma abin da ya fi yi mini ciwo, Auta ba ta goyi bayana ba. Kuka ta sa.

"Yaya, ki bari in ƙare," ta ce. "In ban ƙare ba, cewa za a yi ɗanya ta ni. Ina zan sa kaina?"

Ita abin da take tsoro ke nan, a ce ba ta gasu ba, a ce tana ƙarni, mata su riƙa taɓa juna in ta wuce. Ni ina tsoron kada ta mutu, kuma na rasa yadda zan yi in sa ta ji tsoron da nake ji.

Na fita na nemi mijinta a gona. Yaron kirki ne, amma kunyar suruka ta ɗaure shi. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da fartanya, ya ce ai tana hannun manya, shi ba ya da ta cewa. Na dawo gida, na sake fita, na sake dawowa. Na zagaya tsakar gidan nan har kaji suka gaji da kauce mini. Tukunya kuwa tana kan murhu, ruwan wankan la'asar ya fara tafasa.

Da na ga faɗa ba zai yi ba, sai na durƙusa gaban Inna. Na ce abu ɗaya nake roƙo: ta sa Auta ta kwanta miƙe a kan tabarma, ba matashi, ta duba da idonta. In ta kwanta lafiya, ni da hannuna zan ba ta kunun.

Inna ta yi tsaki, amma ta shimfiɗa tabarmar. Auta ta kwanta. Ba a jima ba ta zabura tana kama iska da baki, tari ya sarƙe ta, leɓunanta suka yi duhu, ƙirjinta yana wani kurkur kamar tulu ana cika shi. Inna ta wanke mata da yawa a rayuwarta, ta san jikin mai biƙi fiye da yadda na san keken ɗinkina. Ta ɗago ta, ta riƙe ta a jikinta, sannan ta dube ni.

"Tahi nemo mota," ta ce.

Motar 'yan kasuwa muka samu. Ta kafe a laka a hanya, maza suka sauka suna turawa, ni ma na sauka na tura, zanina duk taɓo. A asibiti aka sa mata abin numfashi a hanci, aka yi mata allurar da ta sa ta yi ta fitsari har ƙafafun suka fara saɓewa. Likita ya ce zuciyarta ta buɗe, ta yi rauni. Ya yi tambaya a kan wanka da kanwa, ba da faɗa ba. Ya ce ciwon yana iya kama wadda ba ta taɓa ganin kanwa ba, amma in ya kama, kanwa da zafi ƙara masa ƙarfi suke yi. Ya ce za ta daɗe tana shan magani, tana dawowa ana dubawa, kuma maganar wani cikin a jingine ta tukuna, don ba kowace zuciya ke komawa daidai ba.

Inna tana tsaye tana ji. Ta fita ta zauna a gindin wata bishiya, na kai mata fura ta ƙi sha. Gaskiyata ta fito, amma ban ji daɗin komai ba. Tausayinta ne ya kama ni, da tsoro, don ban taɓa ganin uwata haka ba.

Da aka sallame mu, na bi su ƙauye na zauna, ɗinkin mutane yana can yana jirana. Ranar arba'in ta zo, ranar da mai biƙi ke yin kitso da lalle, ta sa sababbin kaya, ta goya jariri ta bi gidajen dangi a gan ta a sa albarka. Auta daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta huta. Na ɗauka an fasa. Da hantsi sai na ga Inna ta ɗauki yaron ta goya, ta yafa mayafi, ta fita ita kaɗai.

Yinin nan ban zauna ba. In leƙa zaure, in dawo in duba Auta, in sake leƙawa. Na san bakin matan garinmu, na kuma san Inna ba ta iya ɗaukar raini. Sai da rana ta yi sanyi ta shigo, ƙafafunta fututu, ta tsaya a bakin ɗaki tana kwance goyo.

"Inna, sun tambaye ni?" in ji Auta.

"Kowane gida."

"Mi kinka ce musu?"

"Na ce kina nan da rai," in ji Inna. "Na ce su taho su gan ki, su ga abin da nay yi ma ɗiyata da hannuna, tun ba su yi ma nasu ba."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, numfashin bai kai ba. Ta miƙa hannu biyu, Inna ta ɗora mata ɗanta a cinya.