Muryar Kaka a Ƙarshen Kaset

A shekarun da nake kwaleji a Madarunfa, gidanmu yana da kaset ɗaya mai tafiye-tafiye. Yayana yana Ikko yana sayar da albasa, ba ya son rubutu, mutanen gida kuma yawancinsu ba su karanta boko. Sai ya sayi manyeto biyu, irin rediyon nan mai ɗaukar magana, ya bar mana ɗaya ya tafi da ɗaya. Wani direba ɗan unguwarmu mai bi ta Jibiya shi ne ke kai kaset ɗin ya kuma dawo da shi. Al'adarmu ita ce, in an saurari saƙo an ƙoshi, sai a mai da zaren baya a ɗora amsa a kansa. Maganar da ta zo takan shafe a ƙarƙashin wadda za ta tafi. Ba wanda ya taɓa ganin aibin haka. Inna takan ce ai kwanon da aka kawo maka tuwo, cikinsa kake mai da tukuici.

Ranar ɗaukar magana, bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaron tsakar gida. Ni ke danna jan maɓalli, don ni ce ƴar lakwal, mai karatun boko. Ina son wannan lokaci. Iska takan taso daga tabki da ƙanshin laka da ɗanyar ciyawa, ni kuwa ina kallon ƴan ƙafafun kaset suna juyawa a hankali, ina mamakin yadda muryar mutum ke naɗewa kamar zare a mazari.

Sai dai da wuya a gama gaisuwa ba a faɗa musu ba. Baffa, ƙanen Baba, masunci ne, kuma a ganinsa duk wata na'ura dabara ce ta sa talaka sayen pil, wato batir. Amma in aka miƙa masa manyeto, shi ne ba ya saki. Gwaggo ta ce ita ta fi yarda da akwatin nan bisa mai karanta wasiƙa, don akwati ba ya jin kunya, in ka yi faɗa faɗan zai kai, ba ya rage masa gishiri. Wani maƙwabcinmu da ke yawan zuwa Maraɗi ya kawo labarin shagon da ake shiga a yi tarho, ka yi magana mutum ya amsa maka nan take daga wata ƙasa. Baffa ya ce to duniya ta ƙare, don ranar da amsa ta daina jira, ranar mutane za su daina tauna magana kafin su furta. Baba ya ce gwamnati ta fara kawo wuta unguwa tukuna. Gwaggo ta ce wutar me, ruwa dai, shi da bai taɓa jan guga ba.

Duk wannan yana shiga kaset, don ba wanda ke tuna ya ce in kashe. Yaya kuma in ya mai do amsa sai ya shiga musun, ya goyi bayan wannan ya kayar da wancan, alhali a nan an daɗe da mantawa, wani lokaci ma masu gardamar sun riga sun musanya ra'ayi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ke magana ta ƙarshe. Da farko ƙi ta yi, ta ce ba ta gaida abin da ba ya amsa gaisuwa. Da ta yarda kuma, sai ta riƙa gyara ɗankwali kafin ta fara, kamar za ta tarbi baƙo. Takan ce ina wuni, ta yi shiru. Ta ce ina gajiya, ta yi shiru. Na taɓa raɗa mata cewa zare yana tafiya a banza.

“Ƙawata, bar ni,” in ji ta. “Wuri nake bar wa mijin nawa ya amsa. Ku ƴan boko haka aka koya muku, ku gaida mutum ku wuce?”

A wata damina, bayan noman fari, muka ɗauki magana kamar kullum, direba ya tafi da kaset. Ba a jima ba Kaka ta kwanta da zazzaɓi, ciwon da muka zata na ƴan kwanaki ne. Allah ya karɓi abarsa wata safiya ana yayyafi.

Sai da aka share makoki na tuna. Muryarta ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a kan zaren nan da ke Ikko, kuma na san abin da Yaya zai yi da shi in ya gama saurare. An ba wani mutumin garin Gabi mai tafiya kudu saƙon rasuwar, amma ba wanda ya san ko shi zai riga isa ko yatsan Yaya zai riga danna maɓalli. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, magana ta fita zaure. Baffa ya ce gara murya ta bi mai ita, kada a riƙa tayar wa mutane da miki. Limamin unguwa ya ce abin da ke amfanin mamaci addu'a ce, amma shi bai san inda aka hana jin muryar uwa ba. Gwaggo ba ta yi musu da kowa ba a wannan karo. Ta ce ita dai ko sau ɗaya ne tana so ta ƙara ji.

Ni kuwa in an taso daga lakwal sai in bi ta bakin tabki, in tsaya ina kallon balbelu a kan gawo, ina gwada tuno yadda Kaka take jan sunana. Kullum sai in ga ya ƙara nisa.

Gero ya fara fid da kai direba ya dawo. Muka zauna a gindin dogon yaro, na sa kaset. Muryar Yaya ta fito garau, cike da fara'a. Daga sallamarsa muka gane abu biyu: labari bai kai masa ba, kuma ya ɗora maganarsa a kan tamu. Ya gaida Baba da Inna, ya tsokani Baffa a kan tarho, sannan ya ce ina tsohuwar matarsa, ya saya mata zane mai ruwan ganye, in ta ƙara ce masa rago zai kai wa wata. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Baba ya ce in kashe.

“A bar shi ya gama, Malam,” in ji Inna. “Da kakarsa yake magana.”

Ya gama, ya yi sallama, muka ji ƙarar maɓallinsa. Na kai hannu zan fitar da kaset. Sai ga wata ƴar ƙarar zare, sai ga muryar Kaka, a tsakiyar zance, don maganar Yaya ba ta kai tsawon tamu ba.

“...kuma ka riƙa cin abinci, kada mutanen bakin teku su ramar mini da kai. To. Ƙawata, na gama, kashe abin naki.”

Bayan haka ƴar dariyarta, da dakan wata maƙwabciya daga nesa, sai zare ya ƙare.

Can Gwaggo ta ce in mai da baya. Na mai da, muka sake ji, muka kuma sake.

Dole dai a aika wa Yaya amsa, direba kuma zai juya ranar kasuwa. Baba ya karɓi kaset ɗin ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya miƙa wa Inna. Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a cikin kwallarta ta can ƙasa. Washegari aka sayo sabo.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi, na danna jan maɓalli. Baba ya yi gyaran murya, ya yi wa ɗansa sallama, ya tambaye shi gajiya da kasuwa. Zare ya yi ta juyawa. Sannan ya ce, “Sai haƙuri. Tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya.”