Shekarar da Boru Ya Tsaya a Zaurenmu

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon lafiyar dabbobi boru, ciwon baki da kofato na shanu, ya shigo layinmu a Kagarawal. Shanun maƙwabcinmu biyu suka fara dalalar da yawu, suna ɗingishi. Mu kuwa sa ɗaya gare mu, na Inna, wanda ta yi wata biyar tana turkarsa.

Da safe maza suka tafi jaje. Ta kan katanga na hango Baba ya buɗe bakin ɗaya daga cikin shanun da hannunsa yana duba gyambon, wani ma ya karɓa. A makon nan na kwafe darasin da jan biro: cutar tana bin hannu, tana bin takalmi da mazubin abinci.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai ga ni na jawo roba zuwa zaure, na zuba ruwa da maganin da malaminmu ya nuna mana, na tsaya ina jiran dawowar Baba.

"Baba, don Allah ku tsoma takalmanku. Ga sabulu kuma."

"A gidana? Likita, yaushe aka naɗa ki mai gadi?"

"Malam, tsoma!" in ji Inna daga ciki. "San nawa ne."

Ya tsoma yana dariya. Ni kuwa daɗi kamar in yi tsalle.

Da la'asar matar maƙwabcin, wadda muke kira Goggo, ta shigo aron bahon dusa, nata ya fashe. A layinmu ba a hana aro. Na matsa kusa da Inna na raɗa mata cewa in ya je, kada ya dawo.

Inna ta miƙa shi. "Riƙe, na ba ki duniya da lahira."

"Yau kuma? Ke da ko ludayi sai kin biyo sawu?"

"Likitarmu ce ta yanke hukunci."

Goggo ta tsallaka robar ta fita tana ƙyalƙyata dariya.

Kwana goma sha huɗu ina wanke hannu, ina ɗaga leɓen sanmu kowace safiya, ina duba tsakanin kofatansa. Boru ya shiga gida huɗu. Ran ƙarshe na tarar da dasashinsa sumul, yana tuƙa abinsa. Na ruga tsakar gida ina kiran Inna da muryar da ban san ina da ita ba.

Da aka zo rigakafi, Baba ne ya riƙe igiya. Sai da ya sa mai allurar ya tsoma takalmi kafin ya bar shi ya wuce zaure.