Rigar da Kaka Ta Sa Aka Ɗinka

Shekarar da kuɗin man fetur suka iso ƙauyenmu a gefen Roni, abin da muka gani shi ne aji biyu na bulo da kwanon rufi mai ƙyalli. Aka rubuta sunana cikin 'yan mata biyar da za su shiga. Murna ta hana ni cin tuwo.

Ba a yi kwana uku ba murnar ta koma ciki. Hedimasta ya raba mana shuɗin yadi, na riga bibbiyu, ya ce dokar yunifom ita ce rigar mace ta tsaya a gwiwa. Baffa, mahaifina, ya ce 'yarsa ba za ta ratsa gari ƙwauri a waje ba. Dattawa suka yi ta cacar baki a ƙofar masallaci, wasu na cewa kaya iri ɗaya ne ke hana a gane ɗan mai shanu da ɗan mai akuya, wasu na cewa wannan ɗinkin ba namu ba ne. Ni dai abin da na gane shi ne ranar Litinin za a fara karatu ba da ni ba. Na yi kuka har Kaka, uwar Baffa, ta ce na cika mata kunne.

Ranar kasuwa ta ɗauki yadin ta ja hannuna zuwa wurin tela. A wurinmu ba a ɗinka wa yaro kaya daidai jikinsa, sai an ƙara masa na girma. Kaka ta ce a haɗe yadin riga biyun a yi guda ɗaya, a sake ta har idon sawu, abin da ya rage a kalmashe shi a gindi. Tela ya yi dariya ya ce ai wannan buhu ne. Ta ce masa shi dai ya taka kekensa.

Baffa ya dubi rigar ya kawar da kai, wato ya yarda. Saura hedimasta. Ranar Litinin ina shiga layi ya fiddo ni gaban yara, ya auna da rula daga gwiwata zuwa ƙasa, ya ce in koma gida. Ashe Kaka tana gindin darbejiya da sandarta, tana jiran haka.

"Malam," in ji ta, "yadin nan duk shekara za ku riƙa ba ta?"

"A'a, Inna, sau ɗaya ne."

"To ni har ranar da za ta gama makarantarku na auna. Ka jira ta girma, rigar za ta kai inda kake so."

Ya san in ya kore ni, sauran huɗun ma iyayensu janye su za su yi. Ya ce in shiga aji. Na shiga ina tuntuɓe da gindin rigar, yara na kirana mai buhu, ko a jikina.

Abin da hedimasta bai sani ba, kalmasar nan ninki uku ce. Duk sanda rigar ta fara ɗagewa, Kaka takan zauna da reza ta warware ninki ɗaya. Ina tsawo, riga na tsawo. Kafin in kai aji huɗu, duk wata yarinya a makarantar irin ɗinkina take sawa, kuma mun haura ashirin.

Ranar da aka ba mu takardar gamawa, Kaka ta zo, ta tsufa sosai, ana riƙe da ita. Hedimasta ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna rigata da layuka uku da suka koɗe a gindinta, ya ce har yanzu yana jira ta kai gwiwa.

"Ka ƙara haƙuri, ɗan nan," in ji ta. "Ba ta gama girma ba."