Kujerar Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifina, ya san ba ya zama a kujerar mutum sai ya kifa ta ya duba ƙarƙashinta. Ranar da ya je nema min aure a unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki, ana tsakiyar gaisuwa ya kifa kujerar surukina.

"La ilaha! Ƙusa aka buga mata, Alhaji. Wa ya cuce ka?"

Da ƙyar aka ba mu yarinyar nan!

Kafinta ne a unguwar Utaibiyya, amma ransa kaf yana kan wata kujera da ya tsinto a tarkacen wani tsohon otal da aka rushe. Ya ce 'yar ƙasar Danmak ce, kuma sa'arsa ce a haihuwa. Wata uku yana jinyarta. Ya wanke katakon da ruwan sabulu, ya saƙa mazaunin da igiyar takarda. Baturen da ya zana ta kuwa, ko hotonsa bai taɓa gani ba, amma "abokina" yake ce masa.

"Abokina ya san bayan ɗan Adam. Dubi lanƙwasar nan! Da ya biyo ta shagona, da shayi ɗaya zan musuluntar da shi."

Sai dai ba mai zama a kanta. Shekara da shekaru matarsa, Inna Hajjo, tana goge ta tana roƙo.

"Malam, minti ɗaya kawai, in ji abin da ake ji."

"Ke da kika cika ciki da shinkafar mandi yanzu? Takarda ce fa, Hajjo!"

Wani dillali ya taso tun daga Jidda zai saya. Kawu ya tambaye shi me zai yi da ita, ya ce a gilashi zai sa ta, ba mai taɓawa. Kawu ya miƙe tsaye.

"Kujerar da ba a zama? Haram alaik, ya shek! Yalla, ga hanya!"

Inna ta ɗaga murya daga kicin: "To mu nan rawa muke yi a kanta?"

Kawu ya yi kunnen uwar shegu.

Da gwiwa ta matsa wa Inna har sujada ta gagare ta, na sayo mata kujerar roba. Kawu ya harare ni.

"Matata za ta gana da Ubangijinta a kan roba?"

Da hannunsa ya ɗauko kujerar nan tasa ya saita mata alƙibla. Inna ta zauna, ta jingina.

"Yaya, Hajjo?"

"Malam, ashe haka ka cuce ni duk shekarun nan?"

Ya juya baya yana goge ido, wai garin katako ne. Bai kai aikin Hajjin bana ba, Allah Ya karɓi abinSa. Har yau a kanta Inna take salla, kuma idan ta ɗaga hannu da sunansa take farawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi wurin zama a Aljanna.